Kiwon kifin ado a gida: kayan da ba makawa sai da su da magungunan da ya kamata a tanada

A otal-otal, ofisoshi da falon wasu gidaje a birane irin su Yamai, Njamena, Garwa, Kwatano da Kumasi, ana cin karo da akwatin gilashi cike da ruwa, ƙananan kifaye masu launi suna kai da kawowa a ciki. Shi ne akwariyom. Sha'awarsa ba ta da wuyar kama mutum, musamman gidan da ke da yara. Sai dai da yawa daga cikin masu fara wannan kiwo suna rasa kifayensu cikin makonnin farko, kuɗi ya tafi, yara su shiga damuwa, a ɗora laifin a kan mai shago ko a ce kambun baka ne.

A mafi yawan lokuta ba cuta ce ke fara kashe kifin ado ba, ruwan ne. Cuta takan biyo baya, bayan lalataccen ruwa ya riga ya raunana jikin kifin. Saboda haka jerin abubuwan da mai kiwo zai tanada ya kamata ya faro daga kayan kula da ruwa, magunguna su zo daga baya.

Ruwa ba ya tsami banza

Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, galibi ta kunnuwansa, wato gaɓoɓin numfashi da ke gefen kansa. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe suna ƙara yawanta. A kogi ko tafki ruwa yana da yawa, gubar ta narke ta ɓace. A akwati mai lita 50 babu inda za ta je.

Abin da ke ceton kifi shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Rukuni na farko yana mayar da amoniya zuwa nitrit, wanda shi ma guba ne, rukuni na biyu kuma ya mayar da nitrit zuwa nitrat, wanda kifi ke iya jurewa idan bai yi yawa ba. Waɗannan bakteriya suna zama ne a jikin soson na'urar tace ruwa da kan tsakuwa. A sabon akwariyom ba su da yawa, kuma yakan ɗauki makonni 4 zuwa 6 kafin su hayayyafa su isa aikin. Wanda ya sayi akwati da kifi 15 rana ɗaya ya zuba, ya sa su cikin ruwan da babu mai kwashe gubarsa.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a haɗa akwatin, a kunna na'urar, a riƙa sa ɗan ƙwayar abincin kifi kullum ba tare da kifi a ciki ba, har gwaji ya nuna amoniya da nitrit sun hau sun sauko zuwa sifiri. Wanda ya san mai tsohon akwariyom mai lafiya zai iya roƙon guntun soson na'urarsa, ya sa a tasa, lokacin jira ya ragu sosai. Bayan nan a zuba kifi kaɗan-kaɗan, uku ko huɗu, a bar tazarar mako ɗaya ko biyu kafin a ƙara.

Akwai abin da ya shafi ƙasashe masu zafi kai tsaye: gubar amoniya tana ƙara ƙarfi idan zafin ruwa ya hau, haka nan idan ma'aunin pH ya hau. Adadin da kifi zai jure a watan Janairu yana iya kashe shi a watan Afrilu.

Kayan aiki na farko

Akwatin kansa: babba ya fi ƙarami sauƙin riƙewa, domin ruwa mai yawa ba ya saurin lalacewa kuma ba ya saurin yin zafi. Ga mai farawa, lita 50 zuwa 100 ya fi dacewa. Ƙaramar kwalbar nan mai kama da tulu da ake sa jan kifi a ciki, wanda masu shago ke kira poisson rouge, ba wurin zamansa ba ce. Wannan kifi, da aka fara kiwonsa a ƙasar Sin fiye da shekara 1,000 da suka wuce, yana iya kai santimita 20, ya rayu sama da shekara 10, kuma yana yawan kashi. A tuna cewa kowace lita ta ruwa kilo 1 ce, don haka akwati mai lita 100 da tsakuwarsa ya zarce nauyin buhun siminti biyu. Yana bukatar tebur mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, mara karkata.

Na'urar tace ruwa, wato filta: mafi sauƙi kuma mafi dacewa da wuraren da ake yawan ɗauke wuta ita ce filtar soso, wadda ƙaramin injin hura iska ke tafiyar da ita. Ba ta da tsada, ba ta cin wuta, kuma tana tace ruwa tana ba shi iska lokaci guda. Idan soson ya toshe, a matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Wanke shi da ruwan famfo ko da sabulu yana kashe bakteriyar da aka yi makonni ana jira.

Kayan gwajin ruwa: akwai na ɗigawa, akwai na ƴan takardu da ake tsomawa. Na ɗigawa ya fi ba da sakamako daidai. Abubuwa huɗu ake aunawa: amoniya da nitrit, waɗanda dole su kasance sifiri, nitrat da bai kamata ya wuce miligiram 40 zuwa 50 a kowace lita ba, da pH, wanda yawancin kifayen ado ke jin daɗinsa tsakanin 6.5 da 7.8. Ruwa yana iya zama garau kamar hawaye amma cike da guba, ido ba ya gane wannan.

Sauran su ne ma'aunin zafi, ƴar koma ta kama kifi, tiyo na zuƙe datti daga ƙasan tsakuwa, bokiti biyu da ba a amfani da su don komai sai wannan aiki, murfi mai barin iska ta shiga, sirinji mara allura don auna magani, da ƙaramin akwati na biyu ko robar ruwa mai lita 20 zuwa 30 don killace sabon kifi ko jinyar mara lafiya.

Abinci kuwa, a sayi ƙaramin gwangwani, domin zafi da danshi suna lalata sinadaran gina jikin da ke ciki bayan an buɗe. A ba kifi abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana. Kifin da ya mutu saboda yawan abinci ya fi wanda yunwa ta kashe yawa nesa ba kusa ba, musamman inda kowane yaro ke son shi ma ya zuba.

Bazara, hunturu da ɗauke wuta

Yawancin kifayen ado na ƙasashe masu ɗumi suna son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salsiyus. Littattafan Turai suna sa na'urar ɗumama ruwa a sahun gaba, amma a yankin Sahel matsalar da ta fi girma ita ce akasin haka. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Yamai, Njamena ko Marwa yakan wuce digiri 40, ruwan akwatin da ke cikin ɗaki mai rufin kwano ya haura 32.

Ruwan zafi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. A digiri 20 lita ɗaya tana iya ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuma kusan 7.5 kacal, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatarta. Alamar ƙarancinta ita ce a ga kifaye sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. Maganin shi ne a ƙara iska, a buɗe murfi a sa raga a madadinsa, a juya ƙaramar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Wannan yana rage digiri 2 zuwa 3, ta hanyar da randa ke sanyaya ruwa. Ana iya sa gorar ruwa mai ƙanƙara, a rufe, ta yi yawo a sama, amma a hankali, domin sanyi farat ɗaya ya fi zafi illa. Kada a ajiye akwati kusa da taga inda rana ke haskawa: ruwa zai yi zafi, gansakuka ta rufe gilashin.

A watannin Disamba da Janairu kuwa, daren hunturu yana iya saukar da zafin ƙaramin akwati ƙasa da digiri 20, da rana ya sake hawa. Wannan hawa da sauka yana raunana kifi, kuma a irin lokacin ne cutar farin ɗigo ta fi ɓarkewa. Na'urar ɗumama ruwa mai kashe kanta, kimanin wat 1 ga kowace lita, tana da amfani a waɗannan watanni.

Game da ɗauke wuta, abin da ya fi kowane magani daraja shi ne ƙaramin injin iska mai batir ko mai cajin USB, wanda batirin ajiya na waya ko na sola zai iya tafiyar da shi. Idan babu, a riƙa ɗebo ruwan akwatin da kofi ana kwarara shi daga sama lokaci-lokaci. A dakatar da ba da abinci har wuta ta dawo. Babban kifi mai lafiya yana iya yin kwanaki ba ci ba abin da ya same shi, amma awoyi kaɗan babu iska sun isa su kashe akwati gaba ɗaya.

Wane ruwa za a zuba

Kamfanonin ruwa suna sa sinadarin kulorin a ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta. Alheri ne ga mutane, guba ne ga kifi, domin yana ƙona kunnuwansa. Haka ruwan rijiya ko na jarka da aka ɗiga wa ruwan jabel ko aka jefa wa ƙwayar tsaftace ruwa. Kulorin zalla yana fita idan aka bar ruwa a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya zuwa biyu, musamman idan ana hura masa iska. Amma akwai nau'in da ake kira kuloramin, wanda ba ya fita ta wannan hanya. Shi ya sa maganin cire kulorin, wanda ake samu da sunan conditionneur d'eau ko anti-chlore, shi ne kwalba ta farko da ya kamata a saya. Yawancinsu an yi su ne da sinadarin sodiyom tiyosulfat, suna aiki cikin mintuna.

Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin oksijin, wani wurin da ƙarfe ko gishiri ko nitrat mai yawa. A gwada shi, a hura masa iska kwana ɗaya kafin a zuba. Ruwan sama da ya bi ta kan tsohon kwano yana iya ɗauko tsatsa da ƙura, kuma pH ɗinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Kowane mako a zuƙe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ruwan, tare da dattin ƙasa, a mayar da sabo mai zafi daidai da na ciki. Cika gurbin ruwan da ya ƙafe ba canjin ruwa ba ne, domin ruwa ne kawai ke tashi, datti da gishiri suna nan suna ƙara taruwa. Zubar da ruwan duka a wanke komai tas shi ma kuskure ne, yana mayar da akwatin sabo fil, ba bakteriya.

Magungunan da suka cancanci ajiyewa

Gishiri. Shi ne mafi araha kuma yana da amfani mai yawa. Giram 1 zuwa 3 a kowace lita yana rage wa kifi wahala, yana taimakawa wajen yaƙar wasu ƙwayoyin da ke maƙale a fata, yana kuma hana nitrit shiga jini ta kunnuwa. A yi amfani da gishiri tsantsa, a narkar da shi a kofi kafin a zuba, a hankali cikin yini guda. Kanwa ba gishiri ba ce: tana ɗaga pH, ta ƙara wa amoniya guba. Gishirin lasar dabbobi shi ma yakan zo gauraye da ƙasa da kanwa, bai dace ba. Gishiri ba ya tashi da tururi, saboda haka ba a ƙara shi sai daidai ruwan da aka zubar. Tsirran ruwa da kifaye marasa ɓawo, dangin tarwaɗa da ƙurungu, ba sa jure shi da yawa.

Shuɗin metilen, wato bleu de méthylène. Tsohon magani ne, Bajamushe Heinrich Caro ya haɗa shi a 1876, kuma a 1891 an gwada shi a kan zazzaɓin cizon sauro. A kiwon kifi ana amfani da shi don fumfuna mai kama da auduga da ke fitowa a jikin kifi ko ƙwansa, da kuma kifin da nitrit ya yi wa illa. Yana kashe bakteriyar filta, yana rina duk abin da ya taɓa, don haka a akwatin jinya ake amfani da shi.

Maganin farin ɗigo. Cutar da ta fi kowace yaɗuwa ita ce wadda ake kira points blancs: jikin kifi ya yi ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jikinsa a duwatsu. Wata ƙwayar halitta ce mai suna Ichthyophthirius ke kawo ta. Yayin da take cikin fatar kifi magani ba ya isa gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta rufe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan ƴaƴa, su fito suna neman kifi. A wannan mataki na iyo kaɗai magani ke kashe ta. A ruwa mai digiri 25 zagayen yana ɗaukar kusan mako guda, a ruwan sanyi ya fi haka. Wannan ne dalilin da ya sa ake ci gaba da magani kwanaki uku zuwa huɗu bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace, kuma akwatin duka ake yi wa magani, ba kifi ɗaya ba. Yawancin magungunan kasuwa suna ɗauke da vert de malachite, wani lokaci tare da formol. Ga kifaye marasa ɓawo ana rage adadin zuwa rabi, kuma a ƙara iska, domin formol yana rage oksijin.

A nan akwai gargaɗi mai nauyi. Tarayyar Turai da Amurka sun haramta amfani da vert de malachite a kan kifin da za a ci, saboda ragowarsa tana daɗewa a nama kuma ana danganta ta da haɗarin cutar daji. Wanda ke kiwon tarwaɗa ko karfasa a tanki don ci ko sayarwa, kada ya kusanto da magungunan kifin ado wurinsu.

Maganin tsutsa. Idan kifi yana numfashi da sauri, ya matse fukafukansa, yana goga jiki amma babu ɗigo, kuma gwaji ya nuna ruwa lafiya lau, sau da yawa ƙananan tsutsotsin fata ko na kunne ne. Maganinsu shi ne firazikwantel, sinadarin da ake ba mutane don cutar tsargiya. Ga jajayen tsutsotsi masu leƙowa ta duburar kifi ana amfani da lebamizol. Metronidazol kuma ana ba da shi ne ga kifin da ke ramewa yana farin kashi mai tsawo kamar zare, kuma ya fi aiki idan an gauraya shi da abinci. Gara a sayi waɗanda aka shirya don kifi, ko a nemi likitan dabbobi ya fitar da adadin.

Gawayin tace ruwa, wato charbon actif. Yana tsotse magani daga ruwa. Don haka a cire shi daga filta kafin a fara jinya, in ba haka ba maganin zai ƙare a cikinsa, sannan a sa sabo bayan an gama don ya kwashe ragowar. Gawayin girki ba ya maye gurbinsa.

Man kanumfari. Ɗigo kaɗan yana sa kifi barci. Idan kifi ya kai matakin da ba ya tashi, kamar wanda cikinsa ya kumbura ɓawonsa ya mimmiƙe, alamar gaɓoɓin ciki sun gaza, adadi mai yawa, kimanin rabin mililita a lita, yana kawo ƙarshen wahalarsa ba tare da azaba ba.

Lita, galan da lissafin da ke kashe kifi

Mai saye a garuruwan kan iyaka yana samun kaya daga hanyoyi biyu: wasu daga Turai da rubutun Faransanci, wasu ta Legas, Kano ko Akara da rubutun Ingilishi. Na biyun sau da yawa suna ba da adadi a galan na Amurka, wanda lita 3.8 ne, ba galan ɗin da aka sani a kasuwa ba. Zafi kuma a ma'aunin Faranhait: 77 daidai yake da digiri 25, 86 kuma digiri 30.

Da farko a san yawan ruwan akwatin. A auna tsawo, faɗi da zurfi da santimita, a ninka su, a raba da 1,000. Akwati mai 60 da 30 da 30 lita 54 ne, amma idan aka cire tsakuwa, duwatsu da sararin sama, ruwan bai fi lita 45 ba. Gishiri giram 2 a lita zai zama giram 90. Idan kwalba ta ce mililita 5 ga galan 10, wato lita 38 ke nan, wannan akwati yana bukatar kusan mililita 6. Wanda ya ɗauki galan a matsayin lita zai zuba kusan ninki huɗu na abin da ya kamata, kifi su mutu kafin gari ya waye.

A duba ƙarfin wutar na'ura ma. Ƙasashen yankin suna amfani da bolt 220 zuwa 230, kayan da aka yi don Amurka kuwa 110 zuwa 120 ne, suna ƙonewa nan take. A duba ranar ƙarewar aikin magani da kayan gwaji, a ajiye su a inuwa, nesa da hannun yara. Kada a haɗa magani biyu a ruwa ɗaya sai takardar ta halatta. Magani mai jan ƙarfe, wato cuivre, yana kashe dodon koɗi da jatan lande.

Batun antibiyotik

Idan wutsiyar kifi ta fara zagwanyewa ko gyambo ya fito a jikinsa, wasu sukan sayi kafso a bakin titi su farke su zuba a ruwa. Wannan yana da illa uku. Yana kashe bakteriyar filta, amoniya ta hau. Sau da yawa ba maganin da ya dace ba ne: eritromisin ba ya tasiri sosai a kan yawancin bakteriyar da ke kama kifi, oksitetrasiklin kuma ƙarfinsa yana raguwa a ruwa mai yawan alli da kuma cikin haske. Na uku, ruwan da aka zubar a kwata yana taimaka wa ƙwayoyin cuta su koyi bijire wa magungunan da mutane ke dogaro da su, matsalar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke wayar da kai a kanta kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba.

Zagwanyewar wutsiya a farkonta takan warke da canjin ruwa a kai a kai da ɗan gishiri. Idan ta ci tura, ko aka ga farin tabo a baki da baya yana yaɗuwa cikin sauri, likitan dabbobi ne zai zaɓi magani, a yi jinya a akwati na daban har adadin kwanakin ya cika. A irin wannan cuta ba a ɗaga zafin ruwa, domin zafi yana ƙara mata gudu.

Haɗurran da ke cikin gida

Maganin sauro na feshi da na kunnawa galibi suna ɗauke da sinadaran da ke da matuƙar guba ga kifi ko da kaɗan ne. Kafin a fesa ɗaki, a rufe akwatin ruf, a kashe injin iska na ɗan lokaci, domin shi ke zuƙo iskar ɗakin ya tura cikin ruwa, sannan a buɗe tagogi kafin a sake kunnawa. Yankin gidan sauro mai magani kada a yi koma ko murfi da shi. Sabulu, omo, turare da man shafawa da ke hannu duka suna cutarwa, a ɗauraye hannu da ruwa zalla kafin a tsoma.

Mai kiwo shi ma ya kiyaye kansa. Akwai bakteriya mai suna Mycobacterium marinum da ke shiga ta yanka ko ƙurji, ta haifar da kumburi a hannu mai wuyar warkewa. Mai rauni a hannu ya sa safar roba, kowa ya wanke hannu da sabulu bayan aiki, kada kuma a zuƙi tiyo da baki. A cire filogi kafin a sa hannu a ruwa.

Sabon kifi kuwa, kowane iri ne kuma daga ko'ina ya fito, ya yi makonni 2 zuwa 4 a akwatin killacewa. A bar ledarsa ta yi yawo a saman ruwa minti 15 zuwa 20 don zafi ya daidaita, a fitar da shi da koma, ruwan shago kada ya shiga akwatin.

Kifayen gida da na waje

Wasu daga cikin kifayen da ake ji da su a shagunan Turai da Asiya daga kogunan yankin nan suka samo asali: kifi mai fukafukai kamar malam-buɗe-littafi da ake kira Pantodon, mai dogon baki kamar haurar giwa da ake kira Gnathonemus, nau'o'in ƙurungu, da Pelvicachromis na kudancin Najeriya da Kamaru, wanda sunansa na kasuwa, kribensis, ya fito daga kogin Kribi. Amma wanda aka kamo daga kogi yakan zo da tsutsotsi, dole a killace shi, kuma tarwaɗa da karfasa suna girma su cinye ƙananan maƙwabtansu.

Na waje kuma, kada a sake su a kogi ko tafki idan an gaji da su. Gupi, ɗan ƙaramin kifin Kudancin Amurka, yana hayayyafa da sauri ya takura wa na gida. Kogin Neja ya riga ya ɗanɗana irin wannan: ciyawar ruwa mai shuɗin fure da ake kira jacinthe d'eau, wadda ke hana masunta da masu kwale-kwale sakat, daga Kudancin Amurka ta fito, kuma a matsayin tsiron ado ta bazu a duniya.

Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi komai lokaci ɗaya ba, ga tsarin da ya fi dacewa: akwati da filta, maganin cire kulorin, kayan gwaji da ma'aunin zafi, injin iska mai batir, robar killacewa da gishiri, sai maganin farin ɗigo da shuɗin metilen. Kifi shi ne na ƙarshe a jerin. Duk ranar da aka ga kifi ya sauya hali, kafin a taɓa kwalbar magani a fara gwada ruwan, a canja kashi ɗaya bisa uku, a ƙara iska, sannan a duba jikinsa da kyau a san abin da ake yaƙa.